Kowane Ƙwaro da Sunansa: Duman Danga a Gefen Dajin Falgore

Duk wanda ya bar titin Zariya a Kwanar Ɗangora ya doshi Tudun Wada da Doguwa a cikin watan Agusta, abin da zai fara cika masa ido shi ne masara. Idan ya kawar da kai daga gonaki ya dubi gidajen da ke bakin hanya, zai ga wani noman na daban wanda ba a huɗa masa kunya ba: duma ya hau jinkar ɗaki, soso ya naɗe darni, kabewa ta bi bayan rumbu, garafuni ya sarƙe danga, wani lokaci har da wake mai yaɗo. Wannan yanki na kudancin Kano ya fi sauran jihar samun ruwa, domin abin da ake samu a shekara yakan haura milimita 1,000, ga kuma dajin Falgore mai faɗin kimanin hekta 92,000, wanda Kogin Kano ke ratsawa kafin ya zuba a madatsar Tiga. Laimar da ke sa yaɗo ya yi kyau ita ce kuma ke raya ƙwari. Saboda haka duk matar da ta jefa irin duma a gindin danga ta san ba ita kaɗai za ta ci moriyarsa ba.

A wani ƙauye da ke wannan yanki na tashi, kuma can na koma tattara kalmomin noma lokacin da nake binciken digiri na biyu. Abin da nake son in gabatar wa masana a nan shi ne abu guda da na fahimta daga noman danga: maganin ƙwaro yana farawa ne daga sanin sunansa da aikinsa, kuma duk lokacin da sunayen suka ragu a bakin mutane, gubar da ake zubawa ƙaruwa take yi.

Noman da ba ya shiga lissafi

Malamin gona yana ƙidaya buhunan masara da shinkafa. Ba ya ƙidaya ƙwaryar da ta fito daga kan jinka. Amma daga duma ake samun ƙwarya da ƙoƙo da masaki da ludayi da gora da zunguru da shantu, kowanne da irinsa, kuma mata ne ke adana irin daga kaka zuwa damina, uwa ta ba 'ya, maƙwabciya ta ba maƙwabciya. Masu binciken tarihin tsirrai sun nuna cewa asalin duma daga Afirka ne, kuma yana cikin tsirrai na farko da ɗan Adam ya fara shukawa, har an sami ɓurɓushinsa na kimanin shekara 10,000 a nahiyar Amurka. Ko da roba ta cika kasuwa, Fulanin da ke kiwo a kewayen Falgore ba su daina neman ƙwarya ta tatsa da ta tallan nono ba. Kabewa kuwa ita ke riƙe miyar taushe har cikin rani, tun da tana daɗewa ba ta lalace ba. Ga matar da ba ta da gona ta kanta, abin da dangarta ta ba ta shi ne kuɗin sabulu da gudummawar biki. Idan ƙwari suka cinye yaɗon, asarar ba ta shekara ɗaya ba ce, domin iri ma yana iya yankewa.

Yadda Gwaggo ke rarraba ƙwari

Yayar mahaifina, wadda dukkanmu muke kira Gwaggo, ba ta yi boko ba, amma ban taɓa jin ta ce "ƙwari sun ci min duma" ta yi shiru ba. Sai ta faɗi wane ne, kuma me ya yi. Da na zauna na tsara abin da na naɗa daga bakinta, sai na ga da aikatau take rarraba su: akwai mai ci, akwai mai tsotsa, akwai mai hudawa, sannan akwai wanda take kira baƙon fure.

Masu ci su ne waɗanda ɓarnarsu take a fili. Fara da babe suna yagar ganye daga gefe. Hangara tana faɗa wa fure, musamman na wake da kuɓewa, kuma duk yaron ƙauye ya san idan ya murtsuke ta a jiki fatarsa za ta tashi. Sai wani jan ƙwaro mai ɗige-ɗigen baƙi a baya, wanda shi da tsutsarsa mai ƙaya-ƙaya suke kankare koren ganye su bar jijiyoyi kawai, ganyen ya koma kamar rariya, ya bushe. A nan ne idon Gwaggo ya ba ni mamaki. Akwai wani ƙwaron da ya yi kama da shi ƙwarai a siffa da girma, amma ta hana a taɓa shi. Ta ce in duba bayansu: na ɓarna bayansa a dushe yake kamar an barbaɗa masa gari, na kirki kuwa yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Daga baya na tarar haka masana ƙwari suka bayyana su. Dangi ɗaya ne, amma mai cin ganyen yana da siririn gashi a baya wanda ke dusashe launinsa, mai ƙyallin kuwa darɓa yake ci.

Darɓa ita ce shugabar masu tsotsa. Ƙananan ƙwari ne da ke taruwa a ƙarƙashin ganye da kan sabon toho, su tsotse ruwan tsiro, ganye ya nannaɗe, su bar wani danƙo mai zaƙi da baƙar ƙura ke kamawa. Gwaggo ba ta jiran ta ga darɓar da ido. Idan ta ga kiyashi sun yi layi suna hawa da sauka a jikin yaɗo, ta san danƙon suke bi, sai ta juya ganye. Illar darɓa ba ta tsaya ga tsotsa ba, domin tana ɗaukar cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare daga wannan tsiro zuwa wancan, kuma tsiron da ya kamu ba ya warkewa.

Mai hudawa shi ya fi ɓata wa mai duma rai, don ba a ganin ɓarnarsa sai ta gama. Wani ɗan ƙuda ne mai launin ƙasa-ƙasa da rawaya, wanda macensa ke soka ɗanyen ɗa tun yana ƙarami ta zuba ƙwai a ƙarƙashin ɓawo. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta ci ciki, ɗan ya ruɓe ya faɗo. Daga nan tsutsar ta fita ta shige ƙasa, ta rikiɗe, ta fito sabon ƙuda. A lokacin zafi da laima, zagayen nan bai fi mako uku zuwa huɗu ba. Ɗan duman da ya tsira da tabo kuwa, idan an fafe shi, a daidai wurin yake yoyo. Shi ma wake yana da nasa mai hudawar, wato tsutsar da ke shiga fure da kwanso, wadda masana ke kira Maruca.

Rukuni na huɗu ba maɓarnata ba ne. Duma da kabewa da soso kowannensu yana fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace, kuma ana gane macen da ɗan ƙullutun da ke gindinta. Idan ba a sami mai ɗauko garin namiji ya kai wa macen ba, ƙullutun zai yi rawaya ya faɗi. Furen kabewa da na soso da safe suke buɗewa, ƙudan zuma ke yi musu wannan hidima. Furen duma fari ne, da almuru yake buɗewa, faɗa-wuta da sauran ƙwarin dare ke ziyartarsa, kafin hantsi ya yi yaushi. Su ne baƙin fure.

Wannan rabe-rabe da aikatau shi ne kusan abin da ake koyarwa a darasin farko na ilimin ƙwarin gona, inda ake raba su da yanayin bakinsu da irin ɓarnarsu. Kuma ba don ado aka yi shi ba. Kowane rukuni da abin da ake yi masa.

Abin da ake yi wa kowanne

Masu ci, da hannu ake fara yaƙarsu. Da sassafe, kafin raɓa ta bushe, ƙwari ba su da kuzari, sai yara su bi danga da gwangwanin ruwan sabulu suna kakkaɓe su ciki, hangara kuma a ɗauke ta da tsinke. A duba ƙarƙashin ganye a murtsuke ƙwai masu launin rawaya da ke jere. Sannan a barbaɗa tokar murhu a kan ganye tun yana da laima don ta kama. Toka ba ta kashe da yawa, amma tana hana ci, kuma ana sake ta bayan kowane ruwa.

Darɓa, idan ta fara, ana tsinke ganyen da ta fi taruwa a kai a sa a wuta, sauran a wanke ƙarƙashinsu da ruwan sabulun salo. Mai hudawa kuwa ba a iya cim masa da feshi bayan ya shiga, sai dai a tare shi a ƙofa biyu. Ƙofa ta farko, a rufe ɗan duma da tsumma ko takarda da zarar furensa ya bushe, har ɓawonsa ya yi tauri. Ƙofa ta biyu, kada a bar ruɓaɓɓen ɗa ya kwana a ƙasa. A tsince shi a binne a rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, ko a ɗaure shi a baƙar leda a ajiye a rana. Wanda ya jefa shi kan juji ya yi wa ƙuda reno ne. Idan kuma aka ga baƙin fure sun yi ƙaranci, Gwaggo takan tsinko furen kabewa namiji da asuba ta goga a cikin macen da hannunta.

Sai darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro ko maina. Ba itaciyar ƙasar Hausa ba ce, daga ƙasar Indiya take, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Borno. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa farin ɗango sun cinye komai sun bar ta, kuma a 1968 aka fitar da sinadarin da ke haddasa haka a Ingila. Sinadarin yana hana ƙwaro ci, yana kuma hana tsutsa rikiɗa. Yadda ake haɗawa a gida ba wuya: a daka busassun ƙwayar 'ya'yanta kimanin rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita goma ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa a ganye sama da ƙasa. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin kwanaki kaɗan, don haka ake maimaitawa duk mako. Ko shi ɗin ba a zuba wa fure. Kabewa da soso da yamma ake yi musu, bayan furensu ya rufe, duma kuwa da hantsi, bayan nasa ya yi yaushi. Tsirrai uku a danga ɗaya, amma kowanne da sa'arsa.

Shekarar da aka share danga

A farkon 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa mai cin masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma ba a daɗe ba ta watsu a Afirka. A ƙasar masara irin Tudun Wada da Doguwa, abin da ya biyo baya shi ne injin feshi na goyo ya zama kayan gida kamar fartanya. Duk saurayin da ya iya saɓa shi ya zama mai magani.

A wata damina bayan haka, wani ɗan'uwanmu ya dawo daga gona da ragowar ruwan magani a injinsa. Ya ga ganyen kabewar Gwaggo ya yi huji-huji, sai ya ga bai kamata ya zubar da ragowar a banza ba. Ya bi dangar tun daga ƙofar gida har bayan rumbu, da hantsi, fure a buɗe. Da Gwaggo ta dawo daga unguwa ya tare ta da murna.

"Gwaggo, na raba ki da ƙwarin nan gaba ɗaya."

Ta tsaya ta dubi ƙasan dangar. Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. To su waɗannan da ke kwance, me suka ci maka?"

Ƙudan zuma ne, da masu ƙyallin baya.

Makonni biyu ganye ya yi kyau ƙwarai. Amma furen mace ya riƙa yin rawaya yana faɗuwa, har sai da ta koma goga fure da hannu kowace asuba. Sannan darɓa ta dawo fiye da da, domin tana hayayyafa cikin kwanaki ba tare da ta jira namiji ba, masu cin ta kuwa sun fi ta jinkirin farfaɗowa. Kabewar da aka samu a shekarar ba ta kai rabin ta bara ba, kuma wadda aka samu ɗin Gwaggo ta hana a taɓa ganye ko ɗanyen ɗa har tsawon lokaci, don dangar nan yara ke wasa a gindinta, kaji ke kiwo, awaki ke miƙa wuya. Yaron ba mugunta ya yi ba. A bakinsa, duk abin da ke motsi a kan ganye ƙwaro ne, duk abin da ke cikin kwalba kuma magani ne.

Kalmomi biyu da suka yi nauyi

Nan ne batun ya shigo fagenmu. Kalmar "magani" a Hausa tana ɗauke da ma'anar waraka da kariya. Da ita muke kiran abin da likita ya rubuta, da ita kuma muke kiran abin da aka yi don kisa, mu ce maganin ƙwari, maganin ɓera, maganin ciyawa. Harshen yana da "guba" da "dafi", amma ba a jin su a bakin mai sayarwa, ba a kuma cika jin su a tallan rediyo ba. Rubutun jikin kwalba da Turanci yake, mai saye kuwa da launin kwalba da kuɗinta yake gane ta. Wanda aka ce masa magani ne, yana ganin ƙari alheri ne. Wanda aka ce masa guba ce, zai tambayi awo.

Sakamakon wannan ba a danga kaɗai ya tsaya ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dikulobos da aka samu a cikinsa, wato dangin abin da muke kira fiya-fiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. A ƙarshen shekarar kuma aka amince da irin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar don ya jure wa tsutsar Maruca, a rage yawan feshi. Duk waɗannan matakai ne na manyan gonaki da manyan kasuwanni. Duma da soso da garafuni na danga ba su cikin wannan lissafi. Kariyarsu tana cikin abin da mata suka sani, abin da suka sani kuma yana cikin kalmomi.

Ita ma kalmar "ƙwaro" ta haɗiye 'yan'uwanta. A tattarawar da na yi, tsofaffi sukan ambaci hangara da darɓa da babe da buzuzu da gwazarma da zago ba tare da tunani ba, su faɗi lokacin fitowar kowanne da abin da yake ci. Matasan da suka fi su riƙe injin feshi sukan tsaya a ƙwaro da tsutsa da fara. Mutum ba ya tausayin abin da bai san sunansa ba, ba ya kuma lura da ranar da ya ɓace.

Aikin da ke gabanmu

Magabata sun share fage. J. M. Dalziel, wanda likita ne, ya fitar da kundin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana kalmomin karkara masu yawa, haka ma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Anne Luxereau kuma ta wallafa nazari a kan sanin Hausawan Nijar game da dabbobi a 1972. Sai dai ƙamus yakan ce "wani irin ƙwaro" ya wuce, alhali mai danga tana buƙatar ta san ko na kashewa ne ko na bari.

Abin da nake ganin ya dace shi ne sassan Hausa su haɗa hannu da tsangayoyin aikin gona, a shiga ƙauyuka irin na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa a cikin damina, a zauna da mata a gindin dangarsu. A naɗi suna, a ɗauki hoton mai sunan, a rubuta aikatau ɗin da ke tafiya da shi, masanin ƙwari ya tabbatar da ko wane ne. Inda ƙwaro ba shi da suna, kamar baƙuwar tsutsar masara, a saurari yadda manoma suka fara kiransa kafin a ƙirƙira masa wani a ofis. Daga nan a fitar da ɗan littafi mai hotuna da boko da ajami, a kuma nemi masu fassara takardun gargaɗi da masu shirye-shiryen noma a rediyo su riƙa kiran guba da sunanta.

Ba ina cewa toka da darbejiya za su wadatar da mai hekta goma ta masara ba. Akwai ranar da feshi ke zama dole, da awo, da lokaci, da rufe hanci da hannu. Amma danga ba gona ba ce. Tsawonta bai wuce a zagaye ta kafin koko ya huce ba, kuma kowane ganye yana inda hannu zai kai. A irin wannan wuri, sanin bambancin baya mai ƙyalli da baya dusasshe ya fi kwalba amfani. Waɗanda suka san bambancin suna nan da ransu, yawancinsu sun manyanta, kuma babu wanda ya fi mu, masu nazarin harshe, cancantar ya je ya tambaye su.